Sifirin Ba Shi Da Notin Saiti

A gareji-garejin Kano da Kaduna da Abuja akwai wata jimla da ake yawan faɗa wa masu motoci, ana kuma karɓar kuɗi a kanta: "Bar ta nan, yallaɓai, za a saita maka bayan." Motar da ake magana a kanta yawanci 'yar Kwatano ce, wadda wani saurayi a Jamus ko Amurka ya durƙusar da ita kafin ta hau jirgin ruwa. Wani lokacin kuma mai ita ne ya ga hoton irinta a Instagram, ya yi odar gajerun sifirin, aka ɗaura masa. Bayan mako biyu sai ya lura bayanta ya zauna fiye da gabanta, salansa na gogar kowane tudun rage gudu, taya na kuka a cikin madigadi da zarar mutum uku sun shiga baya. Ya koma wurin bakanike, aka ce masa za a saita.

Babu abin saitawa a jikin wannan ƙarfe. Sifirin ɗin da ake durƙusar da mota da shi sanda ce ta ƙarfe da aka nannaɗe, ba shi da zare, ba shi da noti, ba shi da wurin da sifana za ta kama. Ranar da ya fito daga masana'anta aka gama yanke tsawon da zai ba motar. Abin da ake kira saiti a bakin titi yanka ne, ko ƙonawa, ko cusa roba, kuma kowanne daga cikin ukun yana taɓa kujerar da aka fi zaunar da mata da yara.

Lissafin da ƙarfe ke bi

A shekarar 1678 Baturen Ingila Robert Hooke ya wallafa ƙa'idar da har yau ake ƙera sifirin a kanta: gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gwargwadon lotsawarsa. Abubuwa uku ne ke tsayar da tsawon bayan mota: tsawon sifirin kafin a ɗora masa komai, taurinsa, da nauyin da ke kansa. Shokazoba ba ta ɗaukar mota. Aikinta hana ta yin rawa bayan ta faɗa rami, duk da cewa irin mai iskar gas a ciki kan ɗan ɗaga ta kaɗan. Wanda ya ce zai ɗaga bayan mota da sabuwar shokazoba kawai bai fahimci aikin kayan da yake sayarwa ba.

Tsakanin jikin mota da ƙafarta akwai tazarar da taya ke tafiya a cikinta idan ta hau tudu. A ƙarshen tazarar akwai wata robar tsayawa, wadda ke hana ƙarfe dukan ƙarfe. A ƙaddara tazarar milimita 100 ce, sifirin kuma yana lotsawa milimita 1 a kan kowane kilo 3. Idan manya uku suka shiga baya, aka saka buhun shinkafa biyu a but, an ƙara kusan kilo 300, wato 150 a kan kowane sifirin. Motar za ta zauna da milimita 50, saura 50 na karɓar ramuka.

Yanzu a durƙusar da ita da milimita 40, wanda ke cikin abin da kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus ke sayarwa. Tazarar ta koma 60. Waɗannan kamfanoni sun san haka, shi ya sa suke ƙara wa sifirinsu tauri. A ƙaddara nasu yana ɗaukar kilo 4 a kan kowane milimita. Kayan nan dai za su lotsa shi da kusan milimita 38, saura 22, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Wannan fa da kaya na gari ke nan, waɗanda injiniyoyi suka auna. Da wannan ragowar ne motar za ta bi hanyar Kano zuwa Katsina ranar jajiberin Salla.

A auna kafin a taɓa

Da yawa daga cikin masu kukan cewa bayan motarsu ya zauna ba su taɓa sa mata ma'auni ba, ido kawai suka bi. Ido kuwa yana duba tazarar da ke tsakanin taya da bakin madigadi, alhali a motoci da yawa an fi buɗe madigadin gaba domin taya ta sami wurin juyawa. Mota na iya tsayawa daidai, amma a gan ta kamar ta zauna. Awo na gaskiya ana yin sa ne a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da iskar tayoyi daidai, daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin madigadi a kusurwa huɗu, sannan a kwatanta da alƙaluman da mai ƙera motar da mai ƙera sifirin suka bayar.

Idan awo ya tabbatar akwai matsala, ruwa ba ya tsami banza. Sabon sifirin kan ɗan ƙara zama a kwanakin farko, don haka hukuncin ranar ɗaurawa gaggawa ce. Mai yiwuwa ƙarshen sifirin bai zauna a gurbinsa ba. Mai yiwuwa an ɗaure notukan bushin tun motar na rataye a kan jak, robar ta murɗe, ta riƙe motar a inda bai kamata ba, domin ƙa'ida ita ce a ɗaure su bayan nauyin motar ya sauka a kan tayoyinta. Mai yiwuwa kuma an ɗaura sifirin ɗin ƙaramar salun a kan wagon, wadda bayanta ya fi nauyi. Kowane sifirin na gari yana da lamba a jikinsa da iyakar nauyin da aka yi shi dominsa. Duba wannan lambar aikin minti biyar ne, amma ba ya kawo wa gareji kuɗi kamar yadda "saiti" ke kawowa.

Dabaru uku da ya kamata a daina

Ta farko ita ce yanka. Idan baya ya fi gaba tsawo sai a datse zobe ɗaya daga sifirin baya, idan kuma baya ne ya zauna sai a datse na gaba domin su yi daidai. Taurin sifirin yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar zobban da ke aiki. Wanda ya yanke ɗaya daga cikin 8 ya ƙara taurin da kusan kashi 14 cikin ɗari. Idan yankan ya cinye milimita 40 daga cikin 100, ana buƙatar ƙarin tauri na kusan kashi 67 cikin ɗari kafin motar ta ɗauki kayan da take ɗauka a da ba tare da ta doki robar tsayawa ba. An biya 14 a inda ake bin 67. Ban da haka, ƙarshen sifirin an siffanta shi ne domin ya dace da gurbinsa. Yankakke ba ya zama daram, kuma idan taya ta rataya a kan wani tudu yana iya ficewa daga gurbin gaba ɗaya.

Ta biyu ita ce wuta. Mai walda ya hura wa zobe ɗaya wuta har ya yi ja, nauyin motar ya danne shi, ta sauka. Ƙarfen sifirin ya sami ƙarfinsa ne ta hanyar zafafawa da sanyayawa a kan ma'auni a masana'anta, kuma harshen wutar walda yana rusa wannan aikin cikin daƙiƙoƙi. Wurin da aka ƙona zai ci gaba da lotsawa har ya tsage. Babu kuma mai waldar da zai iya ƙona hagu da dama daidai wa daida, don haka motar kan fita gareji a karkace.

Ta uku ita ce wadda ta fi yawa a Arewa, wato cusa guntun roba, ko yankin tsohuwar taya, ko wani dunƙulen ƙarfe tsakanin zobba domin baya ya ɗago. Bayan kan ɗago kuwa, shi ya sa mai mota ke biya yana murmushi. Abin da ba ya gani shi ne zobban da aka toshe sun daina aiki, sauran sun gāji wahalarsu, nauyi ya taru a wuri ɗaya maimakon ya bazu. Ranar da robar gefe ɗaya ta faɗo a kan hanya, motar na gudu da ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Birki, fitila da taya

Da a ce illar ta tsaya ga salansa da bamba, da sai a ce asarar mai mota ce shi kaɗai. Ta wuce nan. A tsofaffin motoci da yawa marasa ABS, ciki har da Golf 2 da Golf 3 da har yanzu ke jigilar mutane a titunan Arewa, akwai wani bawul a ƙarƙashi da ke haɗe da ƙafar baya. Yana auna yadda bayan motar ya zauna. Idan ya zauna sosai, bawul ɗin ya ɗauka an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Motar da aka durƙusar tana yi wa wannan bawul ƙarya dare da rana: tana ce masa cike take alhali babu kowa a baya. A taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, tayoyin baya su riga na gaba kullewa, bayan motar ya juyo ya wuce gabanta. Idan kuma aka ɗaga bayan fiye da asalinsa, ƙaryar ta juya: bawul ya rage ƙarfin, tazarar tsayawa ta ƙaru. Duk wanda ya sauya tsawon bayan irin wannan motar bai sake daidaita bawul ɗin ba ya taɓa birkinta, ko ya sani ko bai sani ba.

Fitila ma haka. Ana saita ƙaramar fitilar gaba ta sunkuya da kusan kashi 1 cikin ɗari, wato hasken ya sauka da santimita 10 a kowace mita 10, kuma yawanci ana buga adadin a jikin fitilar. A motar da ke da mita 2.7 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, idan baya ya sauka da milimita 27 fiye da gaba, an share wannan sunkuyon baki ɗaya. Hasken ya miƙe sosai cikin idon direban da ke tahowa. Wanda ya taɓa tuƙin dare a hanyar da ba a raba ta biyu ba ya san abin da daƙiƙa biyu na makanta ke nufi. Motocin da fitilarsu ke daidaita kanta kuwa suna da na'urar awo a ƙafar baya, wadda ita ma sai an sake koya mata sabon tsawon.

Sai tayoyi. A motar da kowace ƙafar baya ke motsi ita kaɗai, durƙusawa na sa saman taya ya karkata ciki, yana kuma sauya inda take fuskanta. Gefen ciki ne ke cinyewa, inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya. Mai mota ya duba waje ya ga zane lafiya lau, alhali waya ta fito a ciki. Idan kuma lodi da rami suka haɗu suka kai motar kan robar tsayawa a tsakiyar kwana, taurin baya kan yi tsalle farat ɗaya, tayoyin baya su saki kwalta. Irin wannan haɗari a kan rubuta shi ne da sunan gudu ko fashewar taya, babu mai leƙa sifirin.

Abin da masu karewa ke cewa

Hujja ta farko ita ce kamfanonin da kansu suna amfani da roba. Gaskiya ne. Mercedes ta yi wa 190 da W124, wadda aka fi sani da Bi-but, robobin zaman sifirin masu kauri daban-daban, milimita 8 da 13 da 18, ana gane su da yawan ƙurajen da ke gefensu. BMW ma tana da irin nata. Sai dai wannan robar a saman sifirin take zama, a cikin gurbin da aka yi dominta, ba ta hana ko zobe ɗaya aiki. Akwai kuma lissafi a kanta. A irin waɗannan motoci sifirin baya yana zaune ne a kan wani hannun ƙarfe, can ciki da taya. Idan yana kashi biyu cikin uku na tsawon hannun, ƙarin milimita 10 a robar kan zama kusan 15 a wajen taya. Bakaniken da bai san wannan ba zai nemi 20 ya sami 30. Robar tana mayar da ɗan tsawo, amma ba ta ƙara wa gajeren sifirin tsawo ko ƙarfin ɗaukar kaya.

Hujja ta biyu ita ce an daɗe ana saita bayan Fijo. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan ruɗanin ya samo asali. Fijo 205 da 206 da 306 da 405 ba su da nannaɗaɗɗen sifirin a baya. Miƙaƙƙiyar sanda gare su mai murɗawa, mai haƙora a bakinta biyu, wadda za a iya zarewa a mayar a wani matsayi, tsawon ya sauya. Bakaniken da ya koyi sana'a a kan waɗannan ya yi gaskiya idan ya ce ana saita baya. Kuskurensa shi ne ɗaukar darasin wata mota ya kai wa wata.

Hujja ta uku ita ce ta 'yanci: motata ce, kuɗina ne. Durƙusar da mota ba laifi ba ne, yana ma da amfaninsa. Motar da nauyinta ya matso ƙasa ba ta cika karkata a kwana ba, kuma a kan shimfiɗaɗɗen titi ta fi biyayya ga sitiyari. Al'adar tana da tarihi mai daraja. Matasa 'yan asalin Meziko a Kalifoniya sun mayar da ita alamar kansu, har jihar ta kafa doka a 1958 da ta haramta wa kowane sashe na mota sauka ƙasa da bakin wili. Yadda suka amsa wannan doka shi ne darasin. A 1959 Ron Aguirre ya fito da Corvette mai famfon mai, wadda ke sauka ta kuma tashi da taɓa maɓalli. Sun so tsawo mai sauyawa, sai suka ƙera abin da ke sauyawa. An soke dokar daga farkon 2024. A Jamus kuwa, inda ake ƙera fitattun sifirin, irin wannan kaya kan zo da takardar gwaji, a lokuta da yawa kuma sai injiniyan TÜV ko DEKRA ya duba aikin kafin motar ta halatta a titi. An shigo da kayan Jamus, an baro takardar da injiniyan a can. 'Yancin mai mota kuwa ya ƙare a inda fitilarsa ta shiga idon wani.

Hanyoyin da ke da tushe

Wanda ya auna ya ga bambancin kaɗan ne, milimita 10 ko 15, kuma kamfanin motarsa na da robar zama mai kauri daban-daban, ya sa ta, hagu da dama iri ɗaya. Wanda bambancinsa ya fi haka ya sauya sifirin da wanda aka yi wa nauyin motarsa, ya haɗa shi da gajeriyar shokazoba da ta dace da shi, domin kada sifirin ya yi sako-sako idan taya ta rataya. Wanda ke son ya riƙa ɗagawa yana saukewa ya sayi abin da aka ƙera domin haka, wato koyiloba, sifirin da ke zaune a kan zobe mai zare, wanda ake murɗawa da sifana ta musamman. A motocin da sifirin baya ke rabe da shokazoba akwai mazauni mai zare da ke yin wannan aikin. Shi ma yana da iyakar da kamfani ya rubuta, ƙurar hunturu kuma kan cushe zaren idan ba a wanke shi. Kowace hanya aka bi, aikin bai ƙare ba sai an yi saitin ƙafafu huɗu, an daidaita fitila, an duba bawul ɗin birki idan akwai shi.

Akwai hanya ta huɗu, wadda masu ado ba sa son ji: a mayar da sifirin asali. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, ta yi suna a Afirka ne saboda doguwar tazarar ƙafafunta, wadda ke haɗiye rami da lodi. Ita ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a wannan shekarar. Hanyoyin da suka sa aka so ta ba su sauya hali ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda kuma ya durƙusar da motar iyali a garin da kowace unguwa ke gina nata tudun rage gudu ya san abin da ya saya.

Ba bakanike ne kaɗai ke da laifi ba. Shi abin da aka koya masa yake yi, da kayan da ya samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a kan farashin da mai mota ya yarda ya biya. Babban alhakin yana kan mai motar, wanda sau da yawa likita ne, ko lauya, ko ma'aikacin banki, mutumin da ba zai sa hannu a takardar ofis ba sai ya karanta kowane layi, amma ya miƙa makullin motar da ke kai 'ya'yansa makaranta ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Tambayoyin kuwa ba su da wuya. Milimita nawa ne tsawon yanzu, nawa ake so ya koma? Wane abu za a sa, mece ce lambarsa, wa ya ƙera shi? Za a yanke wani abu ko a sa masa wuta? Wa zai duba birki da fitila bayan an gama? Bakaniken da ya san aikinsa zai ɗauko ma'auni ya amsa. Wanda ya ce "kada ka damu, yallaɓai, mun saba," a karɓi makulli a hannunsa tun motar ba ta hau jak ba.